Kunnen Saje Babayo

Duk wanda ya taɓa kai niƙa injin da ke Matsango a cikin Azare ya san Saje Babayo, ya kuma san ba a yi masa magana a hankali. Sai ka cika ƙirjinka da iska ka kwarma masa, sannan ya juyo yana hararar ka ya ce, "Ihun na mene ne? An ce maka ni kurma ne?" To, mai tsoron Allah dai ba zai ce masa e ba.

Mutum ne siriri, dogo, wanda zama ba ya karɓar sa. In ya zauna a benci ƙafarsa na bugun ƙasa, in ya miƙe yatsunsa na ƙwanƙwasa garwar dawa. Matarsa Kande ta sha faɗa cewa tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya gama kofin shayi a wuri guda ba. Zai fara shi a tsakar gida, ya ƙarasa a zaure, ya manta kofin a kan katanga.

A Gadau aka haife shi. Mahaifiyarsa Adda mai sayar da nono ce, kuma a bayanta ya fara shigowa Azare. Da ya yi wayo aka kai shi makaranta Misau, inda ya ci karo da wata tsohuwar begila mai lanƙwasasshen baki a ɗakin ajiya. Tun daga ranar karatu ya ga ta kansa. Mahaifinsa ya ce shi bai haifi maroƙi ba, ya yi faɗa, ya yi duka, ya gaji. Babayo ya gudu ya shiga aikin ɗan sanda, ba don yana son kama ɓarawo ba, wallahi ko kaza bai taɓa kamawa ba. Badujala ya bi, wato ƙungiyar makaɗa da mabusan 'yan sanda. Ya yi Kaduna, ya yi Legas, ya daɗe a Jos yana busa turamfet a fareti da rana, ranar hutu kuma ya tuɓe kaki ya bi mabusan otel.

A Legas wani tsohon shugaban badujala ya koya masa rubuta kiɗa, baƙaƙen ɗigo masu wutsiya a kan layi. Shi ne kuma ya ara masa kaset-kaset na manyan ƙungiyoyin jaz, waɗanda aka naɗa a gaban jama'a. Babayo ya ji abin da ya hana shi sukuni har tsufansa. Mabusa sahu-sahu, masu saksafon a gaba, masu turambon mai zugewa a tsakiya, masu turamfet a baya, kowa da nasa layin dabam, amma in suka haɗu sai ka ji kamar mutum ɗaya ne mai faɗin ƙirji yake magana. Kuma a cikin kaset ɗin kana jin wani ya yi tari, wata ta yi dariya, kujera ta yi ƙara. Wannan ya fi komai tafiya da shi. Ya ce kiɗan da ba a ji numfashin mutane a cikinsa ba, gawa ce aka yi wa kwalliya.

Mai tsara irin wannan kiɗa ba ya busa komai. Aikinsa rabo ne, kamar mai rabon naman suna, ya ba wannan cinya, ya ba wancan haƙarƙari, kowa ya tafi da nasa, amma rago ɗaya ne. Abin da Saje ya so ya zama ke nan, sai dai a badujala ba a tambayar saje ra'ayinsa. Ya yi ritaya ya dawo Azare da akwatin ƙarfe cike da takardu, ya sayi injin niƙa don a ci abinci. Kunnen da turamfet ya fara ci, inji ya zo yana ƙarasawa.

A cikin takardun nan akwai kiɗa guda da ya fi shekara ashirin yana gyara. Ya sa masa suna Gaisuwar Masu Nono. Tun yana ƙarami yake jin yadda Adda da ƙawayenta ke gaisawa in sun sauke ƙorai a bakin kasuwa. Wannan ta tambayi kwana, ba ta rufe baki ba waccan ta amsa da jam, wato lafiya a Fulatanci, ta uku ta shigo da tambayar shanu, ta huɗu tana ta yara, muryoyi suna hawa kan juna a hankali, ba mai jiran wata, ba kuma mai take wata. Shi ya ɗauko ya raba wa saksafon biyar a tsakiyar kiɗan, a busa shi can ƙasa-ƙasa, kalangu na tafe a ƙarƙashi kamar mai sanɗa. Ya san kowane ɗigo na wurin, amma bai taɓa jin sa da kunnensa ba. Ina za ka sami saksafon biyar a Azare?

'Yarsa Zulaiha ce ta matsa masa suka je Kano ganin likitan kunne. Malamar makaranta ce, ita kaɗai ke iya juya shi. Likita ya sa masa wani abu a kunne, ya yi ta danna maɓalli yana cewa in ya ji ƙara ya ɗaga hannu. Saje ya zauna yana jira a fara, ashe an daɗe da farawa. Likita ya ce na hagu ya riga ya tafi, na dama kuma yana kan hanya, ba da daɗewa ba. A mota, da suka wuce Jama'are, Saje ya dafa gwiwar Zulaiha.

"Kafin ya rufe sai na ji shi. Sau ɗaya tak. A naɗa kuma."

"Baba, wa zai busa maka?"

"Me kika ce?"

Ta maimaita da ƙarfi, har fasinjan gaba ya waiwayo.

"Akwai mutane," in ji shi. "Ba duka suka mutu ba."

Kai, daga nan gidan bai ƙara ganin kwanciyar hankali ba! Ya ɗora wa wani maƙwabci injin, ya bi waya ya addabi duniya. Shi ba ya jin mai magana a waya, saboda haka Zulaiha ce kunnensa, shi kuma ya tsaya a kanta yana kai-kawo yana cewa, "Me ya ce? Gaya masa ni ne Babayo turamfet, in ya manta ni Allah ya isa." Ya zaƙulo tsofaffin abokan badujala a Bauchi, waɗansu haƙora sun zube, suka ce leɓe dai yana nan. Ya sami masu turambon a wani coci. Babban kamun shi ne Naziru, wanda Saje ya koya wa busa a bariki, yanzu ya zama mai saksafon da ake ji da shi a Jos. Naziru ya ce, "Oga, ko a ƙafa ne zan zo, zan kuma zo maka da huɗu."

Kande tana kallon ikon Allah. Tabarmar cin abinci ta koma teburin kwafar takardu, kowane mabushi da tasa. Rannan ta ɗora tukunya a kan wata, ya yi tsalle kamar an taka masa wutsiya.

"Haba Malam," ta ce, "tsofai-tsofai da kai? Sa'o'inka suna sahun gaba a masallaci, kai kana tara masu ƙaho."

Bai ji ba, ko kuwa ya ji ya yi amfani da larurarsa, Allah kaɗai ya sani.

Mai naɗar sauti a garin wani matashi ne, Khalil, mai ɗan situdiyo kusa da tasha, inda yake buga wa mawaƙan biki kiɗa da fiyano ɗaya. Ya ce abin ai mai sauƙi ne, kowane mabushi ya shigo shi kaɗai a ɗauka, daga baya kwamfuta ta haɗa, in an yi kuskure a goge.

"Ka taɓa ganin an gaisa ɗaya bayan ɗaya, kowa a ɗakinsa?" in ji Saje. "A gaban mutane za a yi, ɗauka guda. Wanda ya yi kuskure ya mutu da abinsa."

Saura kalangu. Saje ya rantse ba zai sa gangar Turawa ita kaɗai ba, kuma duk ƙasar Katagum ba hannun da yake so sai na Maigida, makaɗin mahauta. Sunan kakansa ya ci, shi ya sa ake kiran sa haka. Gadon gidansu ne, ubansa ya yi wa mahauta kiɗa, kakansa ma haka. Shi ke tsayawa a bakin rumfa ranar da aka yi yanka mai kyau, kalangunsa na gaya wa gari nama ya sauka. Ba a ɗaukar makaɗin mahauta sai da izinin Sarkin Pawa, don haka Saje ya sa babbar riga ya je ya yi gaisuwa. Sarkin Pawa, wani ƙaton dattijo mai son raha, ya yi dariya har rawaninsa na girgiza, ya ce ya ba da aro, shi ma in ya sami sarari zai leƙo ya ga yadda kalangu zai yi Turanci.

Maigida bai san takarda ba, amma abin da ya ji sau ɗaya ya zauna. Saje ya yi ta rera masa da baki a zaure, yana buga cinya. Ya kuma ja masa kunne.

"A wurin nan na masu nono, hannunka ya yi sanyi. Idonka a kaina. Ko gobara ta tashi, idonka a kaina."

"An gama, Saje."

Aka sa rana, Asabar, bayan la'asar, a ɗakin taron wata makarantar kuɗi, a tashi kafin magariba. Shirin shi ne mutanen Jos su iso da hantsi a yi gwaji cikakke. Hantsi ya yi ba su, azahar ta yi ba su. Motarsu ta lalace a Darazo. Saje ya auna tsakanin ƙofar makarantar da bakin titi har takalminsa ya yi fari. Ya shiga ya gyara kujerun mabusa, ya fito, ya koma ya mayar da su yadda suke da farko. Ya yi wa Khalil faɗa a kan waya ɗaya da ta ratsa gaban dandamali. Tsoro ne fal cikinsa, kuma tun safe kunnen daman nan yake masa kuka kamar gyare ya shige ciki. Bai gaya wa kowa ba.

Sai da aka idar da la'asar motar ta shigo tana tari. Naziru ya diro ya durƙusa.

"Oga, a ɗaga zuwa gobe mana, mu gwada ko sau ɗaya. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Gobe masu coci suna coci, mutanen Bauchi sun kama hanya. Kun karanta takardunku?"

"Mun haddace, har a mota mun bi."

"To ku hau."

Ɗakin ya cika maƙil. Rabin mutanen ba su san mene ne jaz ba, sun dai ji Saje mai inji zai yi abin mamaki. Ga malaman makarantar su Zulaiha, ga matan unguwa da Kande ta gayyato duk da mitarta, ga mahauta sun yi gungu a baya saboda Maigida. Kujera ɗaya mai hannu a sahun gaba an bar ta ba kowa.

Saje ya juya wa jama'a baya, ya ɗaga hannu. Da masu turamfet suka saki busa ta farko, sai da matan gaba suka dafe ƙirji. Ya ji ta, can nesa, kamar daga ƙetaren kogi, amma ya ji. Turambon suka amsa, ganga ta shiga, Maigida ya saƙa kalangu a tsakani kamar da shi aka haifi kiɗan. Tsofaffin Bauchi suka ba marar ɗa kunya. Akwai wanda ya shiga kafin lokaci, Saje ya gan shi da ido ya watsa masa harara, aka wuce. Gumi ya jiƙa masa riga. Ƙafarsa da ta shekara tana bugun ƙasa a banza, yau ta sami abin bi.

Aka iso wurin. Ya sauke hannu ƙasa, masu turamfet suka cire ƙaho daga baki. Ya dubi Naziru ya gyaɗa kai, ya ga saksafon biyar sun tashi tare. Sai ya rufe ido, don ya tattara ɗan abin da ya rage masa wuri guda.

Allahu Akbar. Ga ta farko ta tambayi kwana. Ga ta biyu ta amsa tun ba a rufe baki ba. Babbar saksafon ta shigo daga ƙasa da muryar tsohuwa, ƙaramar ta haye sama tana dariya. Ko ɗigo ɗaya bai faɗi ba. Rabon da ya ji wani abu tsaf haka tun yana Jos. Ya ji dandamali na rawa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya ji wata guguwa a bayansa, ya ce a ransa mutanen Azare ma sun gane. Hawaye na zuba, hannunsa na tafiya a hankali, bai buɗe ido ba sai da ya kai ƙarshen wurin ya juya takarda. Naziru na kallon sa ƙur. Ya ɗaga hannu, duka mabusan suka faɗo tare, aka kai kiɗan gida.

Da ya juyo, ɗakin a tsaye yake. Mata na guɗa, ya ga bakunansu. Sarkin Pawa na zaune a kujerar nan mai hannu, yana ɗaga masa yatsa. Saje ya kama Zulaiha a bakin dandamali ya girgiza ta.

"Na ji shi! Zulaiha, wallahi na ji shi, duka biyar ɗin!"

Ta dube shi. Ta sunkuyar da kai tana share ido da gefen mayafi. Ya ɗauka daɗi ne ya yi mata yawa. Naziru ma da ya zo sallama bai yarda sun haɗa ido ba, ya ce gajiya ce, da asuba za su kama hanya.

Washegari da hantsi Saje na zaure yana ta zirga-zirga, yana jiran Khalil ya kawo abin da aka naɗa, sai ga Maigida ya yi sallama. Ba kalangu a kafaɗarsa. Ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya tsuguna, ya ƙi hawa tabarma. Ya san larurar mai gidan, don haka ya matso ta dama ya ɗaga murya.

"Saje, na zo neman gafara. Ban runtsa ba."

"Gafarar me? Kai da ka fi kowa?"

"Na ɓata maka wurin da ka fi so. Wallahi ban yi niyya ba. Kana sauke hannu, masu ƙahon nan sun fara ke nan, sai ga Sarkin Pawa a bakin ƙofa. Saje, tun da aka haife ni ban taɓa ganin Sarkin Pawa ya shigo wuri ina riƙe da kalangu ban buga masa takensa ba. Ubana bai taɓa ba. Kafin in tuna da kai, hannuna ya riga ya tafi."

Saje ya tsaya cak.

"Take? Yaushe?"

Maigida ya ɗago a ruɗe. Zulaiha ta fito daga cikin gida ta tsaya a ƙofar zaure, da gani ta ji komai.

"Baba," ta ce da ƙarfi, "gaskiya ya faɗa. Yana juya kiɗa mahauta suka ɗauki kirari, mata suka ɗauki guɗa. Masu saksafon suka ruɗe, biyu suka tsaya. Sai Naziru ya bi taken da busa, sauran suka bi shi, har masu turamfet. Shi ne abin da ya ta da mutane tsaye. Yana ta kallon hannunka, da ka juya takarda ya dawo da su."

"Masu nonon fa?"

"Farkon kawai suka busa, Baba. Ko numfashi biyu ba a yi ba."

"Ƙarya ne! Ni da na ji su? Na ji babbar ta shigo, na ji ƙaramar ta..."

Bai ƙarasa ba. Ya kai hannu ya taɓa kunnensa na dama, ya bar hannun a wurin. Kalangu a gabansa, taku kaɗan, ana dukan sa da ƙarfin da ake kiran gari cin nama, ƙaho goma sha wani abu suna binsa, ɗaki guda na ihu, shi kuwa yana tsaye a tsakiya ido rufe yana lallaɓa iska. Kunya ta fara kama shi, sannan wani abu da ya fi kunya nauyi ya danne ta. Baƙin ciki ne, irin wanda bai taɓa sani ba ko ranar da likita ya yi magana.

Maigida na tsugune yana jiran hukunci. Saje ya dube shi.

"Ka dai buga masa da kyau?"

"Da kyau, Saje."

"To tashi. Gadonka ka yi."

Sai kuma tsohon halin ya motsa. Ya zabura ya shiga neman hula, yana cewa a kira Naziru, a kira shi yanzu-yanzu, mota ce ai, tana juyawa. Ba sai an tara jama'a ba, ba sai turamfet ba, su biyar ɗin kawai, a nan zauren ma ya isa. Zulaiha ta danna waya. Ta yi magana, ta saurara, ta rufe bakin wayar da tafin hannu ta juyo gare shi.

Ya ga leɓɓanta suna motsi. Ya matso, ya juya mata dama. Ta sake faɗa, jijiyar wuyanta ta tashi, har Kande ta leƙo daga tsakar gida a firgice. Sun wuce Darazo, amma Naziru ya ce in Oga na so yanzu za su juyo, in ce su dawo? Abin da take faɗa ke nan, Maigida ya ji, maƙwabta ma sun ji. Saje ya tsura wa bakinta ido, ya gane tambayar daga fuskarta.

Ya ajiye hular a kan benci.

"Bar su su tafi, Zulaiha. Ko sun dawo, da wane kunne zan ji su?"